Sharhin Waƙar Da Ban Taɓa Ji Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanin Tanko a Umdurman ba, ko da kuwa ina son in manta. (Na gwada, abin ya ƙi. Har yau in na haɗu da matan da suka halarci bikin nan, sai wata ta tambaye ni ko ƙafata ta huta da rawa.)

Bari in fara faɗa muku ko ni wane ne, don ku san irin tsayin da na faɗo daga kansa. Ni mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki a wani shago a unguwar Alshajara, gidanmu kuma a Hajj Yusuf, duk a nan Khartum. Amma a wancan lokacin, in ka tambaye ni sana'ata, sai in gyara wuyan riga in ce maka ni mai sharhin waƙoƙi ne. Ina da wani shafi a intanet inda nake zuba ra'ayina da Larabci, tunda Hausarmu ta nan a baki take, ba mu saba rubuta ta ba. Ban iya kaɗa komai ba, ko tafi na yi sai ya saɓa da na jama'a. Abin da na iya shi ne manyan kalmomi, irin waɗanda in mutum ya karanta sai ya ɗauka na yi shekaru a makarantar kiɗa.

Shi kuwa Tanko mawaƙi ne, ba zan faɗi sunan da ake rubuta masa a jikin fasta ba, na gida ya isa. Uwarsa Hajja Kande da Innata ƙawaye ne tun suna amare a Jazira, a kambo ɗaya, wato ƙauyen 'yan ƙwadago da ke bakin gonakin auduga. Tare suka yi tsinkar auduga da mu a bayansu, tare suka baro gona da aiki ya mutu. Su suka sauka Umdurman, mu muka sauka Hajj Yusuf, kogi ya shiga tsakani amma zumunci bai yanke ba. Ni da Tanko sa'o'in juna ne. Shi ya tashi da murya, ni na tashi da surutu. Kuma gaskiyar da ban taɓa rubutawa a shafina ba ita ce, ina jin haushinsa. Ba don ya yi mini komai ba, sai don duk inda na juya shi ake yabo.

Albam ɗinsa na farko na yabe shi sama-sama, irin yabon da ake yi da haƙora a rufe. Da na biyu ya fito, garin ya ɗauka gaba ɗaya. Direbobin raksha, wato keke mai ƙafa uku, suka mai da shi kamar man da suke zubawa a inji. Daga ƙofar gidanmu zuwa tasha raksha ce, daga inda bas ke sauke ni zuwa shago wata raksha ce, kuma kowacce da lasifikarta a bayan kujera tana dukan ƙashin bayanka. Waƙoƙi uku suke juyawa, duka masu zafin kiɗa, duka da Larabci, duka a kan wata yarinya da ta ƙi ɗaga waya. Wata guda ina shan su safe da yamma har na haddace su ba da son raina ba.

Sai na yanke hukunci cewa na ji albam. Na duba jerin sunayen waƙoƙin a waya, goma ne, duk sunayen Larabci. Ban kunna ko ɗaya ba. (Hujjata a lokacin ita ce ba zan ƙara masa yawan masu saurare da kunnena ba. Ku duba girman hankali.) Na zauna a shago a kan wani mataccen firji, na rubuta sharhi mai tsawo. Na ce yaro ya sayar da muryarsa ga raksha. Na ce ya manta inda aka binne cibiyarsa. Jimlar da na fi alfahari da ita, wadda na karanta wa kaina har sau uku, ita ce: “A cikin wannan albam babu ko numfashi ɗaya na iyayenmu mata da suka goya mu a gonar auduga.”

Rubutun ya zaga fiye da duk abin da na taɓa rubutawa. Masoyan Tanko suka yo mini ca. Wani direban raksha ya ce in na isa in faɗi tashar da nake hawa. Wata yarinya ta ce hassada ce ke cina, na goge maganarta da sauri don ta fi kowa kusa da gaskiya. A ɗaya gefen kuma wasu dattawan da ba su yarda an yi waƙar kirki ba tun bayan da aka daina kaset suka yi ta sa mini albarka, har da wani ɗalibi daga Nijar da ya ce rabonsa da ya ga sharhi mai zurfi haka tun yana gida. Na ji kaina ya yi girma har hular kwano ba za ta shige shi ba. A tsakiyar wannan hayaniya akwai wata da ta rubuta gajeriyar tambaya, ta kuma maimaita ta kwana uku a jere: “Ka ji ta tara?” Safiya ce, ƙanwar Tanko. Na ce a raina 'yar'uwa ce, dole ta kare ɗan'uwanta, na wuce.

Yanzu sai in gaya muku halin Innata, don in ba ku san shi ba labarin nan ba zai yi muku ciwo yadda ya yi mini ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita mutuniyar zamanin da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Kai wannan” take ce mini, in ta ji daɗi ta ce “mutumin nan”. Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta zama ta yi doguwar hira da ni. Ƙannena 'yan Khartum suna yi mata dariya, suna cewa yumma (haka suke kiran uwa da Larabci), wannan ai zamanin kambo ne. Ita dai sai ta ci gaba da abin da take yi.

Akwai wata Alhamis, watanni kafin albam ya fito, da ta saka tob ɗinta mai kyau, wato lafaya, ta tafi Umdurman tun safe, ta dawo da yamma muryarta a dishe. Ta ce, “Kande ce ta sa mu wani aiki.” Ina kwance da abin sauraro a kunne, na ce sannu da hanya, ban tambayi wane aiki ba. Bayan albam ya fito kuma, wata safiya tana gasa kisra, wato siririyar wainar dawa, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

“Kai wannan, ka ji faifan yaron Kande?”

Na ce, “Na ji, Inna. Har na yi rubutu a kansa, gari duk ya ɗauka.”

Sai na ga ta yi murmushi ta juya fuskarta wajen bango. Na ɗauka alfahari take da ni don na zama sananne. Na tafi aiki ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Ranar bikin ta faɗo Juma'a. Muka tsallaka kogi ni da Inna, ta shige cikin gida wajen mata, ni na zauna da maza a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a titi. Na zaɓi kujerar can ƙarshe, bayan wani mutum mai ƙaton rawani, don kada mu haɗa ido da Tanko. Aka kawo manyan faranti, aka ci, aka sha shayi. Har na fara yi wa kaina murna cewa zan fita lafiya, sai na ga Safiya tsaye a bakin rumfa tana nuno ni da yatsa.

“Ya ustaz,” ta ce, ta ja kalmar yadda kowa zai ji, “Hajja na kira.”

Duk namijin da aka taɓa shigar da shi tsakar gidan biki wajen mata ya san yadda ƙafa ke yin nauyi. Turaren wuta ya cika wurin, mata sun jeru a kan gadaje a inuwa, hannaye duk lalle. Hajja Kande na tsakiya, Inna na gefenta. Na durƙusa na gaishe su, na yi mabruk, wato barka, na yi addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya. Ina shirin miƙewa sai Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗora hannunta a kafaɗata, ta dubi matan nan, ta ɗaga murya.

“Ga shi nan. Ɗana ne. Shi ya yi rubutun da ake ta magana a kai.”

Ɗana. A gaban mata sun fi talatin. Shekara talatin da wani abu ina jiran wannan kalma, kuma ta zo a ranar da na fi son ƙasa ta buɗe in shige.

Hajja Kande ta tafa hannu. “Ma sha Allah! To karanta mana, ya waladi. Mu ba mu iya karatun waya ba, sai dai mu ji ana cewa an rubuta, an rubuta.”

Na ce ai rubutun da Larabcin littafi ne, mai wuya. Ta ce to in juya musu da Hausa. Na ce wayata ba caji. Safiya ta miƙo mini tata, rubutun a buɗe, har ta ƙara girman haruffa don kada idona ya wahala. (Allah ya saka wa yarinyar nan da abin da ya dace da ita.)

To, na fara karatu. Inda na rubuta ya sayar da muryarsa ga raksha, na ce muryarsa ta shiga kowane lungu har raksha ba ta tafiya sai da ita. Inda na rubuta kiɗan kamar ana dukan garwa, na ce kiɗan yana da ƙarfin da ke tada barci. Mata suna ta “ya salam”, Inna tana kallon ƙasa tana murmushi. Safiya na tsaye a bayana tana bin layin da ido, tana wani tari ƙasa-ƙasa duk lokacin da na yi kwana. Zufa ta jiƙa mini jallabiya, amma na ga kamar zan tsallake. Na rufe da addu'a, na miƙa waya.

Sai Hajja Kande ta matso. “Tamam. To tamu fa? Me ka ce a kan tamu?”

“Wacce, Hajja?”

“Ta tara mana.”

A nan ne Allah ya ba ni dama ta ƙarshe in faɗi gaskiya, ni kuma na sa ƙafa na shure ta. Na tuna sunan waƙar a jerin, Tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonaki. Na ƙiyasta a raina cewa wata soyayya ce a bakin ruwa, da irin kiɗan sauran. Na gyara murya irin ta masana.

“A'a, Hajja, ta tara ai ita ce albam ɗin. Gangar nan da ke shigowa daga farko! Wallahi ranar da na fara jin ta ban san lokacin da na tashi na kama rawa a shago ba.”

 Wata tsohuwa da ke kurɓar kofi ta ajiye kofin a hankali. Hannun Inna, wanda har lokacin yana kafaɗata, na ji ya sauka.

Safiya ta matso. Ta danna waya ta ɗora a kan gado.

Babu ganga. Babu kiɗa ko na ƙwaya ɗaya. Ƙarar ruwa ce ke gudu a hankali, sai muryar Hajja Kande ta shigo da Hausa, tsohuwar waƙar tsinkar auduga, wasu mata suna amsawa. Tanko bai shigo ba sai can tsakiya, kuma da ya shigo ma amshi kawai yake yi a ƙarƙashin muryoyinsu. Kowace mace tana karɓar baiti ɗaya, tana rarrashin yaron da ke bayanta, tana kiran sunansa, tana ce masa ya yi haƙuri rana ta kusa faɗuwa. Baiti na uku ya zo da wata murya siririya, mai ɗan rawa, wadda na sani tun kafin in san sunan komai a duniya. Muryar da ke tashina sallar asuba. Ta ce yaro ya yi shiru, buhu ya kusa cika, in an koma kambo za ta dama masa kunu. Sannan ta kira sunan yaron.

Sunana ne. Cikakke, yadda aka raɗa mini shi.

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Hajja Kande ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, “Sau huɗu ana sake ɗauka. Duk ta zo kan sunan sai ta haɗiye. Sai da na ce mata, ke, a waƙa ne, waƙa ba ta da kunya.”

Da waƙar ta ƙare, ni na fara magana. Na ce, “Hajja, ban taɓa jin ta ba sai yanzu. Uku kawai na ji, a raksha. Kuma abin da na karanta muku ba shi na rubuta ba.” Na karɓi wayar na karanta musu jimlar nan tawa ta alfahari, wadda ta ce babu numfashin iyayenmu mata a albam ɗin, na juya ta da Hausa ba tare da na rage mata komai ba. Ban taɓa jin maganar da ta yi muni a bakina kamarta ba.

Hajja Kande ta dube ni. Sannan ta ce, “Kai ba kai ne mai gyaran firji ba?”

“Ni ne, Hajja.”

“To in an kawo maka firji, ƙofar kake shafawa ka ce ya mutu, ko buɗe bayansa kake yi?”

Matan nan suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Wata ta ce a kunna masa ganga ya ƙarasa rawarsa. Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba, tana ta gyara bakin tob ɗinta da bai lalace ba.

Ina fita na yi karo da Tanko a zaure, ashe yana tsaye ya ji komai. Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri, ya riga ni. “Ya zol, ukun nan na raksha, ka yi gaskiya a kansu, ni ma sun ishe ni. Amma su ne suka ja sauran bakwai zuwa kunnen mutane.” Ya dafa ni ya ce, “Sai dai kai ba su ja ka ba.” Ya koma wajen baƙinsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Muka kamo hanyar gida bayan la'asar. A bas Inna ta zauna jikin taga, ni a gefenta, har muka hau gada. Ni abin da ke cina shi ne na zubar mata da mutunci a gaban ƙawarta ta shekara arba'in, a ranar da ta fara nuna ni da hannu. Na tattaro ƙarfin hali na ce, “Inna, ki yafe mini. Gobe zan koma in ba Hajja haƙuri.”

Ta ce, “Kande ba ta riƙo. Kafin mu fito ma ta manta.”

Ta juya tana kallon ruwa. Can ta ƙara, muryarta ƙasa-ƙasa, har sai da na sunkuya.

“Ni da ka ce ka ji, na ga kuma ba ka ce mini komai ba, sai na ɗauka kunya ce ta hana ka. Na ce ashe mutumin nan ya gado ni.”

Wato duk watannin nan da take gasa kisra tana murmushi ga bango, ita a wurinta mun yi wata magana ni da ita, irin wadda ba a faɗa da baki, kuma mun fahimci juna. Ni kuwa ina can ina ƙirga masu yabona a waya. Wannan ya fi dariyar matan nan ciwo nesa ba kusa ba, kuma na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Washegari na saurari albam ɗin daga farko har ƙarshe, a zaune, ba a raksha ba. Na goge tsohon sharhin na rubuta sabo, na faɗi abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba. Na ce uku na gaba hayaniya ce, biyu na tsakiya ba yabo ba fallasa, ta tara kuma ban isa in yi mata sharhi ba. Mutane ƙalilan ne suka karanta, don ba a taruwa kallon mai ba da haƙuri yadda ake taruwa kallon mai zagi. Dattawan da suka sa mini albarka suka ɓace, direban raksha bai sake neman tashata ba. Safiya ce kawai ta rubuta a ƙasa: “Saura ta goma.” (Na ji ta, wallahi na ji ta. Ba ta da daɗi.)

Abin da na koya ba shi da yawa: kafin ka buɗe baki a kan waƙar mutum, ka saurare ta har ƙarshe, don ba ka san wa ke ciki ba. In kuma tsohuwa ta dawo gida da murya a dishe ta ce an sa ta wani aiki, ka cire abin kunnenka ka tambaye ta wane aiki ne.

Inna ta koma “kai wannan” tun a daren ranar, kuma ba ta sake ce mini ɗana a gaban kowa ba. Ban yi ƙorafi ba, ni na jawo. In na so in ji sunana a bakinta, sai in rufe ƙofar shago in kunna ta tara.